Yarinya ta faɗa rijiya a layinmu: me bincike ya nuna kan kare mutane daga rauni a gida da unguwa?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Rigasa. Watan jiya wata yarinya 'yar shekara 2 ta faɗa rijiya a wani gidan haya da ke layinmu, kafin a ciro ta rai ya yi halinsa. Kafin nan ɗan maƙwabcina ya sha kananzir, Allah Ya sa da sauran kwanansa a gaba. Mun yi karo-karo mun tara naira dubu 350. Yawancin 'yan ƙungiya na son a buga fastoci, a ɗauko lasifika, a yi taron wayar da kan mata. Wasu dattawa kuma sun ce ƙaddara ce, a bar zancen. Shin an taɓa yin bincike kan irin wannan? Me aka ga yana aiki?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan wannan yarinya, Ya sa mai ceto ce, Ya ba iyayenta haƙurin rashi. Ku kuma Allah Ya saka muku da alheri da ba ku tsaya a kan gaisuwa kawai ba.

Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko akwai ilimi tabbatacce kan hana irin waɗannan haɗurra, da kuma inda ya fi dacewa ku sa 'yan kuɗin da ke hannunku. Ilimin yana nan, an shafe fiye da shekara 50 ana tara shi. Abin da ya fi maimaituwa a cikinsa kuwa shi ne, gyara wuri da gyara kaya ya fi ceton rai a kan jan kunnen mutane. Na yi shekaru a ɗakin agajin gaggawa na yara kafin na koma fannin lafiyar al'umma, inda nake shiga gida-gida a nan Kaduna, kuma abin da idona ya gani bai saɓa wa wannan ba.

Matsalar ba ta layinku ce kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa rauni, na haɗari da na ganganci, yana kashe mutum miliyan 4.4 a kowace shekara, wato kusan kashi 8 cikin 100 na duk mace-macen duniya. Haɗarin hanya na ɗauke kusan miliyan 1.19, faɗuwa kusan 684,000, nutsewa a ruwa kusan 300,000, ƙuna kusan 180,000. Mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu suke.

Batun dattawa kuwa, kada ku yi jayayya da su, don gaskiya suka faɗa: abin da ya riga ya faru ƙaddara ce, kuma wannan kalma ita ke sanyaya zuciyar uwar da ta rasa 'yarta. Amma ƙaddara ba ta hana riƙo da sababi. Da wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa ya yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Da wani gida ya ƙone da dare a Madina, umarni ya bayar a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. Ku roƙi limaminku ya buɗe taronku da waɗannan. Dattawan nan su ne za su iya yi wa masu gidajen haya magana su ji, don haka kuna bukatarsu.

Yadda masu bincike ke kallon haɗari

Wani likita ɗan Amurka mai suna William Haddon, wanda ya shugabanci hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasarsu a shekarun 1960, shi ya sauya tunanin duniya a wannan fanni. Ya ce a ɗauki rauni kamar yadda ake ɗaukar cuta. Zazzaɓin cizon sauro sai an haɗu uku: mutum, da sauro, da kwatamin da sauron ke hayayyafa. Haka rauni: akwai wanda abin ya shafa, akwai abin da ya ji masa, akwai wurin da ya ba da dama. Sannan kowanne a duba shi sau uku: kafin abin ya faru, lokacin da yake faruwa, da bayan ya faru. Wanda ya yi wannan lissafi zai daina tambayar laifin wane ne, ya koma tambayar ta wace ƙofa haɗarin ya shigo.

Ban ga gidan da abin ya faru ba, amma na shiga irinsa da yawa a Rigasa da Tudun Wada da Badarawa. Ɗaki takwas ko goma, rijiya ɗaya a tsakar gida. Bakinta daidai da ƙasa, ko an kewaye shi da tsohuwar taya. Murfin wani guntun kwano ne mai tsatsa da aka danne da dutse. Da hantsi maza sun fita nema, manyan yara sun tafi makaranta. Mace ɗaya tana wanki, tana duba tukunya, ga jariri a baya, ga mai tatata na bin ta. Maƙwabciya ta ja ruwa, wayarta ta yi ƙara, ta shiga ɗaki da niyyar dawowa ta ƙara guga ɗaya. Minti biyu ya isa. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, shiru kawai za a ji. Kuma ba sai rijiya ba: kan ƙaramin yaro ya rinjayi jikinsa nauyi, idan ya leƙa bokiti ko duro ya kifa ciki ba ya iya ɗagowa, ko da ruwan bai wuce tsawon yatsa ba.

Yanzu ka tambayi kanka, a cikin matan gidan nan wace ce ba ta san rijiya na kisa ba? Ni dai ban taɓa haɗuwa da ita ba. Shi ya sa nake jin ciwo idan aka tara mata ana yi musu faɗan sakaci. Ba wanda zai iya sa ido kan ɗan shekara 2 tun daga asuba har isha ba ƙiftawa. Nazarce-nazarcen da suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje da yawa sun nuna cewa faɗakarwa na ƙara sani, kuma tana ɗan sauya ɗabi'a musamman idan an haɗa ta da ba mutane kayan kariya a hannu. Amma faɗakarwa tsurarta, da wuya a ga ta rage yawan raunin kansa.

Abin da aka gwada aka ga amfaninsa

A Bangaladesh, inda nutsewa ke kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4, masu bincike sun bi gida-gida suna tambaya. Suka gano yawancin yaran na nutsewa ne tsakanin ƙarfe 9 na safe da 1 na rana, daidai lokacin da aiki ya sha kan uwa, kuma a ruwan da bai fi mita 20 daga gida ba. Sai suka kafa ƙananan gidajen raino a ƙauyuka: a horar da mace ɗaya 'yar garin, a ba ta ɗan alawus, ta riƙe yaran maƙwabta a waɗannan awanni. Da aka kwatanta, haɗarin nutsewa ga yaran da ke zuwa rainon ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. A ganina wannan na cikin abubuwan da suka fi dacewa da mu, domin raino ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A da kaka da goggo ke yin sa a babban gida. Zaman haya ne ya raba mace da masu taya ta.

A birnin New York kuma, yara ne ke faɗowa daga tagogin benaye. A 1972 hukumar lafiyar birnin ta fara raba ƙarafan kare taga kyauta tare da bin gidaje, kuma cikin shekara biyu faɗowar ta ragu da rabi a yankin Bronx. A 1976 aka mai da shi doka, aka ɗora nauyin sa ƙarfen a wuyan mai gidan haya. Wannan gaɓar ita nake so ku riƙe. Ɗan haya ba zai gina bakin rijiyar da ba tasa ba, gobe ana iya ba shi takardar tashi. Mai gida ne ya kamata mai unguwa ya kira.

Sai kananzir ɗin da ɗan maƙwabcinka ya sha. Ko ban tambaya ba, ina kyautata zaton a robar lemo ko ta ruwa aka sayo shi, aka ajiye kusa da risho. Mun fi ganin irin wannan a watannin zafi, Maris da Afirilu, lokacin da yaro ke kai duk robar da ya gani baki. A Afirka ta Kudu, a farkon shekarun 1990, an raba wa wata gunduma robobin kananzir masu murfin da yaro ba ya iya buɗewa, sai shan kananzir ya ragu da kusan rabi. Ku a nan, ku zauna da masu sayar da kananzir da fetur a layinku, a daina zuba wa kowa a robar abin sha, kowane gida ya ware jarka guda mai murfi da ba ta kama da ta ruwa, a rataye ta sama.

Akwai abin da nake roƙon ka isar wa kowa. Kananzir ba a ciki yake ɓarnarsa ba, a huhu ne. Idan aka ɗura wa yaro manja ko madara, ko aka sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, sai ya ƙware, man ya gangara huhu ya ƙona shi. Na sha karɓar yaran da abin da suka sha kaɗan ne, ɗurar da aka yi musu ce ta kai su ga iskar oksijin. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikin, a nufi asibiti. Haka fiya-fiya da Sniper, waɗanda sinadarinsu ɗaya, da shinkafar ɓera, da sodar yin sabulu: kada a sa amai, a tafi da kwalbar ko ledar don likita ya gani. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da shaguna, amma ka leƙa ƙarƙashin gado a gidaje da yawa za ka tarar da maganin ƙwari a ajiye.

Ba kowace dabara mai daɗin ji ke cin jarrabawa ba. A Sri Lanka an yi babban gwaji a gidaje sama da dubu 50, aka raba wa rabinsu mazubi mai makulli don adana maganin feshi, da fatan rage masu shan sa da gangan. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna bai rage ba. Abin da ya rage mace-macen a ƙasar shi ne haramta magungunan da suka fi dafi baki ɗaya. Makulli na tare yaro, amma ba ya tare babban da ke riƙe da ɗan makullin. Amfanin bincike ke nan, ya hana ka zuba kuɗi inda zato kawai ya kai ka. Mu ma a Arewa mun ga irin wannan darasi a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Magani kaɗai bai wadatar ba, sai da aka fitar da daka da niƙan duwatsun zinare daga cikin gidaje, aka kankare ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa.

Wuta da hanya

Hujjar bincike a kan hana ƙuna ba ta kai ta nutsewa ƙarfi ba, amma yadda take faruwa a fili yake. Girkinmu a ƙasa muke yi, daidai tsawon mai rarrafe. Ƙunar ƙananan yara da na fi gani ta ruwan zafi ce, da talge, da kunu, da man tuyar ƙosai ko awara. Ɗan gajeren shinge na bulo ko katako a bakin madafa, ko ɗaga risho kan dakali, yana raba yaro da tukunya. Da hunturu kuma sai a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, ko a kunna janareta a lungun da ke jikin ɗakin kwana. Iskar da ke fita daga garwashi da janareta ba ta da launi ba ta da wari, mutum na barci take ɗauke shi, wani lokaci gida guda. Gas ma ya shigo gidaje sosai. Mutanen Kaduna ba su manta da fashewar shagon gas a Sabon Tasha a Janairun 2020 ba. Ku duba ko akwai mai ɗura gas kusa da mai shayi ko mai walda a unguwarku.

Idan ƙuna ta faru, ruwan sanyi mai tsabta za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da gishiri, ban da baƙin mai. Sau da yawa sai mun fara kankare waɗannan daga jikin yaro yana kuka kafin mu ga ciwon.

A kan hanya, gudu ne babban makashi. Ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci na ƙara haɗurra masu kisa da kusan kashi 4. A Ghana, da aka sa ƙananan tuddan rage gudu a mahaɗar Suhum kan hanyar Accra zuwa Kumasi, haɗurra sun ragu da kusan kashi 35, mace-mace da kusan kashi 55. A Darussalam ta Tanzaniya, gyaran hanya a kewayen makarantun firamare ya rage raunin yara da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Hular kwano kuma na rage haɗarin mutuwar mai babur da kusan kashi 42. An fara tilasta ta a Najeriya a Janairun 2009, amma yau ka tsaya a bakin titi ka ƙirga masu sa ta. Shawarata, kada matasa su tashi da kansu su zuba tudun kankare a titi, domin wanda aka yi ba bisa ƙa'ida ba kayar da mai babur yake da dare. Ku rubuta wa ƙaramar hukuma da KASTLEA, wato hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ku haɗa da ƙirgen waɗanda aka buge a wurin.

Ku fara da littafi da biro

Ga iyakar abin da mu ma'aikatan lafiya ke iya gaya muku. Yawancin gwaje-gwajen da na ambata a wasu ƙasashe aka yi su, kuma rajistar asibiti ba ta nuna hoton unguwa yadda yake. Yaron da ya nutse da hantsi an kai shi makwancinsa kafin la'asar, bai shiga littafin kowa ba. Mai karaya na wurin mai ɗori, mai ƙuna na kemis. Don haka ƙirgen da zai yi muku jagora ku ne za ku yi shi, kuma yana iya sauya jerin da zan ba ka.

Ku zaɓi mata huɗu ko biyar da ake ganin girmansu, kamar malaman Islamiyya da ungozoma, don su ke iya shiga har ɗaka. A kowane gida su tambayi wanda ya rasu ko ya kwanta asibiti saboda rauni cikin shekara guda, da ƙananan raunuka na wata ɗaya ko biyu da suka wuce, tunda ƙaramin ciwo saurin mantuwa gare shi. A rubuta shekaru, da abin da ya faru, da wurin, da lokacin. Kada a rubuta suna, kada a tambayi laifin wa, in ba haka ba ƙofofi za su rufe. A tambayi har wanda ya tsallake rijiya da baya, domin yaron da aka cafko a bakin rijiya labari ɗaya yake ba ku da wanda ya faɗa. Maza kuma su zaga waje su ƙirga rijiyoyi, da ramukan masai da suka rufta, da kwalbatin da ba murfi, da kududdufin da magina suka bari, da wayoyin wuta da suka sauko. A yi wannan kafin ruwan Agusta da Satumba ya cika ramukan nan.

Da ni ke riƙe da kuɗin nan, kaso mafi tsoka rijiyoyi zan ba, farawa da gidajen da ke da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da sharaɗin mai gida ya kawo bulo da siminti, ƙungiya ta biya mai walda. Kaso na biyu, gwajin raino a layi ɗaya na wata uku, iyaye na ɗan tallafawa. Na uku, ku gayyato ƙungiyar agaji ta Red Cross ko ma'aikatan lafiya su koyar da taimakon farko a aikace, musamman ga masu Keke da 'yan acaɓa, don su ke fara isa wurin haɗari. A Ghana an horar da ɗaruruwan direbobin haya haka, aka ga yadda suke ɗaukar mai rauni da tsayar da jini ya inganta. A nan ne za a koyi cewa wanda aka ciro daga ruwa ba a juya shi ƙasa ana matsa cikinsa, numfashi ake hura masa ana danna ƙirji. A nan ne kuma za a ji cewa ba a faɗawa rijiya ceto ba igiya a ƙugu, don ƙasan wata rijiyar ba iska, mai ceto ma yana iya tafiya. A kira 'yan kwana-kwana, ko lambar gaggawa 112. Taron lasifika ku bar shi ya zo a ƙarshe, ranar da za a nuna wa jama'a rijiyar farko da aka gyara.

Game da murfin, bari na ba ka labarin kuskuren da muka taɓa yi. Wani aiki da na shiga, mun sa an yi wa rijiyoyi murfin kankare mai kauri, muka tafi muna murna. Da muka koma bayan 'yan watanni, sai muka tarar da yawancinsu a jingine jikin bango. Wata baiwar Allah mai tsohon ciki ta kama hannuna ta ce, "Likita, ɗaga ki ji." Na kasa ɗaga shi da hannu ɗaya. Ita kuwa sau goma ko fiye take jan ruwa a yini. Ba mu tambayi masu jan ruwan ba kafin mu yanke shawara. Saboda haka ku ɗaga bakin rijiyar da bulo ya kai ƙugun babba, a shafe shi sumul yadda yaro ba zai sami wurin taka ƙafa ba, kada a bar turmi ko kujera kusa. A kafe faifan ƙarfe a kai, a fitar da 'yar ƙofa daidai shigar guga, mara nauyi, mai sakata, wadda aka yi wa tokare yadda ba ta tsayawa a buɗe sai an riƙe ta. Ku sa mai walda ya yi guda ɗaya tukuna, matan gidan su yi mako biyu suna aiki da ita, su faɗi abin da za a gyara, sannan a yi sauran. Bayan wata shida ku koma ba tare da sanarwa ba, da hantsi, ku ƙirga nawa ne a rufe. Idan kun haɗa ƙirgen gida-gidan, ka turo min, in sha Allahu zan zauna da ku mu duba shi tare.